Kwabon da Na Jefa a Motar Velizar

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran mota a garinmu Varvarin, kuma ko dinari ɗaya ba wanda ya taɓa bina. Ku je ku tambaya. Gidana da hannuna na gina shi, in na samu in sayi bulo, in ban samu ba in jira. Motata ta girmi 'yata Milunka, amma har yau murɗa makulli ɗaya take tashi, ko da ƙanƙara ta binne ta. Da wannan nake taƙama, har ranar da na shiga banki wata yarinya ta nuna min taƙamar banza nake yi.

Ciwon baya ne ya kai ni. Garejina mai rami ne irin na da. A ɗora mota a kai, in sauka ƙasa in yi aiki a duƙe, in hunturu ya shigo ruwa ya riƙa tsattsafowa ta bango. Likita ya ce min kai tsaye, in na ƙara hunturu biyu a ramin nan to da sanda zan riƙa zuwa coci. Maganin abin ɗaya ne, injin ɗaga mota, wanda za ka danna ya ɗaga ta sama ka yi aikinka a miƙe kamar ɗan Adam. Yuro dubu huɗu yake har da kafawa. Abin da ke hannuna dubu ɗaya ne da 'yan kai.

Yarinyar bankin ta yi 'yan danne-dannenta, ta ɗago ta ce, "Kawu Radoje, ai babu kai a ciki."

"A cikin me?"

"Rajistar masu karɓar bashi. Ba ka taɓa karɓa ba, ba ka taɓa biya ba. Banki bai san halinka ba."

Na ce, "Yarinya, motar ubanki ni nake gyarawa, kuma sau uku ina ɗaga masa ƙafa har a yi albashi. Ni ne ba a san halina ba?"

Ta yi murmushin da aka koya musu. Wai abin da nake samu a hannu nake karɓa, takarda ba ta nuna shi. Sai dai in kawo wanda zai tsaya min, mai albashi, mai suna mai kyau a wurinsu. Ta rage murya ta ce, "Ai ba sai ka yi nisa ba. Ga kum ɗinka nan, Kawu Velizar."

Na ɗauki hulata na fita, ko sallama ban yi mata ba.

Velizar kum ɗina ne, wato uban aurena, kuma a al'adarmu shi ma Kum yake kirana. Shi ya tsaya a bayana a coci ranar da na auri Dobrila, shi ya riƙe Milunka ranar baftismarta ya raɗa mata suna, kamar yadda ubansa ya yi wa ubana. Kum ba a zaginsa, ba a kai shi ƙara, ba a hana shi abu. Kuma ina son sa, Allah ya sani. Amma mutumin nan mai raba wasiƙu ne, albashinsa bai kai abin da nake samu a mako biyu ba, kuma duk abin da ke gidansa na bashi ne. Firiji bashi. Talabijin bashi. Haƙoran da yake min dariya da su ma sai da ya yi wata goma sha takwas yana biya. Ranar biyar ga kowane wata zai sa farar riga ya tafi banki ya biya da hannunsa, ya dawo ya jera rasit a gwangwanin biskit, har nuna wa baƙi yake yi. Shekara da shekaru ina masa tsiya a kan wannan gwangwanin. Ashe shi ne mutum a idon banki, ni kuwa ba a ma san an haife ni ba.

Na gaya wa Dobrila abin da ya faru, na kuma gargaɗe ta. "In na ji zancen nan a bakin wani, ke ce. Gara in ruɓe a ramin da in roƙi Velizar ya tsaya min."

Ta ce, "To ruɓe mana, wa ya hana ka?" Ta ci gaba da yankan kabejinta.

Bayan sati uku, ranar wata Asabar ta watan Afrilu, na ji hon a ƙofar gida ba ƙaƙƙautawa. Na fito ina goge hannu. Wata shuɗiyar mota ce 'yar Jamus, shekararta huɗu kacal, tana sheƙi, Velizar a ciki ya buɗe haƙoran nan nasa gaba ɗaya. Matarsa Zagorka na gefe ta ɗaura jan zare a madubi saboda bakin mutane.

"Kum! Fito ka ga ƙanwarka!"

Bashin shekara biyar, Yuro ɗari biyu da hamsin duk wata. Wai ko minti ashirin bai yi a bankin ba, har kofi suka ba shi. Ni ko kujera ba a ce in zauna ba sai da na ja da kaina.

Na buɗe bonet don in sami abin kushewa. Na saurari injin, na leƙa ƙasa, na shafa fenti ko zan ji inda aka yi ciko. Babu. Motar nan lafiyarta ƙalau, irin wadda na yi shekara talatin ina gyara wa wasu ban taɓa zama a cikinta a matsayin tawa ba. Hassada ta kama ni, ba sai na sa mata wani suna ba.

Unguwa ta taru, aka fara jefa kuɗi a cikin motar kamar yadda ake yi wa kowace sabuwa, don ta yi albarka. Wannan ya jefa silalla a ƙasan kujera, wancan ya jefa takarda. Dobrila ta jefa Yuro biyu tana guɗa. Abin da aka jefa kuwa ba a fitar da shi, nan yake zama har motar ta tsufa. Sai aka juyo gare ni, don na kum shi ne babba.

A garejina akwai wata kwalba cike da tsofaffin kwabbai na ƙasarmu ta da, wadda yanzu ko a taswira babu ita. Tun lokacin da kuɗi suka lalace nake huda su ina sa wa kusoshi, don sun fi zobban ƙarfen da ake sayarwa araha. Akwai guda a aljihuna. Na lalubo shi, na dunƙule a hannu don kada a gani, na ce, "Allah ya tsare hanya," na wurga shi da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ya daki gilashin gaba, ya gangara, ya faɗa ta ramin da iska ke fitowa a ƙasan gilashin. Ba wanda ya lura. Ana ta tafi, Zagorka na zuba wa mutane barasa.

Ran Laraba sai ga Velizar a gareji, fuska ba walwala.

"Kum, zo ka ji wani abu."

Na shiga, ya tayar. Motar na tsaye injin na aiki, sai ga wata 'yar ƙara daga gaba, kar-kar-kar. Ya taka mai ta ɓace, ya saki ta dawo. Kafin ya rufe baki na san ko mene ne. Kwabona ne ke rawa a cikin bututun iska. Aikin minti biyar ne.

Na buɗe baki zan faɗa, sai na dubi fuskarsa. Tunda nake da Velizar ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar, kuma ni yake kallo, yana jira. Daɗin da na ji ba zan ɓoye muku ba. Na ja dogon numfashi, na girgiza kai a hankali.

"Mene ne, Kum? Faɗa min."

"Bari dai mu gani. Wataƙila ba komai."

"Ka rantse?"

"Ni ba na rantsuwa a kan motar Jamus. Ka dawo ran Asabar."

Ya dawo ran Asabar, ya dawo ta gaba. Yakan zo da kofi a hannu da ɗan burodi mai cuku, ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallona ina kasa kunne a jikin bonet kamar likita. Na san ba zai kai ta wurin wani ba. Mutum kum ɗinsa bakanike, ya ɗauki mota ya kai wa bare? Garin nan gaba ɗaya sai ya ɗauka. Dillalin da ya sayar masa kuwa tuni ya ce abin da aka saya an saya.

A Asabar ta huɗu na ba ciwon suna. Na ce faifan da ke tsakanin inji da giya ne ya fara cinyewa, kuma haka motocin nan suke, waje sumul, ciki ruɓaɓɓe.

"Nawa ne gyaran?"

"Da kaya da komai, dubu ɗaya da ɗari. Aikin hannuna kyauta, ai kai kum ne."

Har godiya ya yi min, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Daga nan motar ta koma zaman gida. Ya lulluɓe ta da tsohon bargo, ya koma kan kekensa. In mun haɗu a shagon kofi sai in ɗaga murya in ce, "Ina ƙanwar tawa, Kum? Ko tana hutun amarci ne?" Mutane su fashe da dariya, shi ma ya yi ta dole. Nakan wuce ta ƙofar gidansa a tsohuwar motata, in rage gudu, in danna hon. Wata rana har na rage wa Zagorka hanya daga kasuwa, ina ce mata tsohuwa dai ba ta sheƙi amma ba ta kwana a bargo.

Dobrila ta fara min wani kallo. Wata rana muna cin abincin rana ta ce, "Radoje, motar nan da gaske ba ta da lafiya?"

"Ke bakanike ce?"

"A'a. Amma shekara ashirin da takwas ina ganin fuskarka in mota ta lalace, kuma ba haka take ba. Wannan fuskar wanda ya ci caca ce."

Na ce miyar ta yi gishiri, na tashi.

Ni a raina wasa nake. Na tsara abina: in ya gama jigata, sai in karɓi motar in kwana biyu da ita, in cire kwabon, in ce na yi dabara na gyara ba tare da an sayi komai ba. Ya riƙe kuɗinsa, gari ya ji cewa banki na iya ba mutum mota amma sai Radoje ne ke sa ta tafi. Sau biyu ina niyyar yi, sai in tuna kofin da suka ba shi a banki, in ce bari a ƙara sati ɗaya.

A ƙarshen watan Yuni ya tambaye ni ko zai iya ɗan lallaɓawa da ita ya kai Zagorka ƙauye wurin uwarta. Nan ne na yi ɓarnar da ta fi duka. Na ce, "Lallaɓa mana. Amma faifan nan ko a tsaye take yana ci. In ya kai kaka ba a canza ba, zai fashe ya tafi da giyar gaba ɗaya. Sai ka shekara biyar kana biyan kuɗin ƙarfen da kaji ke kwana a ciki."

Ya tura kekensa ya tafi, ko hawa bai yi ba.

Yuli ya wuce, Agusta ya wuce. Ya rage zuwa gareji, ni kuma aiki ya yi min yawa da motocin 'yan ci-rani da ke dawowa hutu daga Jamus da Austriya, kullum ina cikin rami har bayana ya daina miƙewa sai na dafa bango. Ban lura ba cewa ranar biyar ga wata ta wuce har sau uku ban ga farar rigar nan ta bi ta ƙofata ba.

Wata safiya a tsakiyar Satumba na ji kar-kar-kar a bakin gareji. Na fito daga rami da ƙyar. Velizar ya kashe motar, ya fito, ya ajiye ambulan a kan teburin aikina. Ya rame.

"Dubu ɗaya da ɗari, Kum. Ƙirga."

"Ina ka samo?"

"Na sayar da aladen da muke kiwo don bikin waliyyin gidanmu. Bana sai a yi da wake." Ya yi 'yar dariya. "Sauran kuwa na banki ne. Wata uku ban je ba."

Na ce, "Ba ka je ba? Kai? Ka haukace ne?"

"To ya zan yi? Na nemi ƙari sun ce rabin albashina ya riga ya tafi a bashi. Kai kuma ka ce kaka. Na ga in motar ta mutu bashin ba zai mutu ba, gara in cece ta tukuna, in ya so in bi su da haƙuri."

"Me ya hana ka zuwa ka gaya min?"

"Ka riga ka yafe min kuɗin aikinka. In ƙara ɗora maka wani nauyin?" Ya zauna a kan tayar nan tasa, yana juya hula a hannu. "Ba wannan ne ya dame ni ba, Kum. Akwai abin da zan faɗa maka, kada ka yi wa Dobrila faɗa. Tun bazara ta gaya wa Zagorka zancen injin ɗaga motar nan, da abin da likita ya ce. Na san halinka, ko za ka mutu ba za ka tambaya ba. Sai na je wurin yarinyar bankin da kaina. Ta ce in na biya na motar wata shida a jere ba fashi, zan iya tsaya maka. Oktoba ke nan. Na so in zo maka da takardar a hannu kafin sanyi ya shigo, ka sa hannu kawai, ko kana zagina a ciki."

Na zauna a bakin ramin, shi kuwa ya ci gaba.

"Na ɗauka in na biya su a dunƙule daga baya shi ke nan. Jiya na koma. Ta ce tunda na haura kwana sittin sunana ya riga ya shiga rajista da jan layi. Ko na biya yau, shekara uku ba zan tsaya wa kowa ba." Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. "Na ɓata maka, Kum. Ka yafe ni."

Ni yake roƙo in yafe masa.

Da na so, da na karɓi motar na kwana biyu da ita kamar yadda na tsara, har abada ba zai sani ba. Na yi tunanin haka, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ƙafafuna suka kai ni wurin akwatin kayan aiki. Na ɗauko sukudireba da doguwar filaya, na buɗe ƙofar motar, na ɓalle murfin ramin iskar. Ko minti biyar ban yi ba. Na tayar da injin. Shiru, sai ɗan gurnaninsa mai daɗi irin na ranar da aka kawo ta.

Velizar ya miƙe tsaye. "Me ka yi? Kum, me ka yi mata?"

Na kama hannunsa na sa masa kwabon a tafi.

Ya fara dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. "Kwabo? Kwabo ne kawai? Kai, Allah na gode maka! Zagorka za ta..." Sai ya tsaya. Ya juya kwabon, ya ga dinari goma ne na ƙasar da babu ita. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi kantar da ke bayana, inda kwalbar take cike da 'yan'uwansa. Ya daɗe yana kallonta.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar Larabar farko."

"Faifan fa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Me na yi maka?"

"Ba komai. Kofi suka ba ka a banki."

Na so ya zage ni. Na so ya ɗauki sufana ya rotsa min kai, da na ji sauƙi. Amma kum ba ya zagin kum, kuma Velizar bai taɓa karya al'ada ba ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya ɗauki ambulan ɗinsa ya sa a aljihu. Ya shiga motar, ya mayar da murfin da na ɓalle da hannunsa, ya danna shi ya zauna. Sannan ya ɗaga kwabon yadda zan gani, ya sake shi a cikin ramin. Na ji saukarsa.

"Abin da kum ya jefa ba a fitarwa," in ji shi. Ya ja motarsa ya tafi.

Ya biya bankin a ranar, har da tara. Na kai masa alade ranar bikin waliyyinsu, ya karɓa, ya zaunar da ni a kujerar kum a saman tebur, ya zuba min barasa da hannunsa. Bai gaya wa kowa ba, ko Zagorka. Dobrila kuwa ba ta tambaye ni ba, ta dai daina yi min magana in ba ta kama ba har aka yi Kirsimeti.

Wannan ne hunturu na biyu. Ruwa ya fara tsattsafowa ta bangon ramin, na sa katako ina tsayawa a kai. Kullum da safe, bakwai da kwata, Velizar na biyowa ta ƙofar garejina a hanyarsa ta zuwa aiki. Ba ya wucewa. Sai ya tsaya daidai bakin ƙofa, ya sauke gilashi, ya bar injin na aiki.

"Ina kwana, Kum? Ya bayan?"

"Da sauƙi, Kum," in amsa daga ƙasa.

Yakan ɗan jima kafin ya ja, yadda zan ji kwabon sosai.